Ciwon hanta da sojojin jikin da suka gaji: abin da masu tallan "ƙara garkuwa" ba sa faɗa maka

A ce abokinka ya yi haɗari a babur, ka garzaya asibiti domin ba da jini. Ko kuwa an sa rana, ka je gwajin kafin aure, wanda ya zama doka a Kano tun 2024. Kana zaune a benci kana latsa waya, sai ma'aikacin ɗakin gwaji ya leƙo ya ce, "Malam, ɗan shigo mu yi magana." Ya miƙo maka takarda ɗauke da wasu haruffa biyar, HBsAg, ya ce an samu ƙwayar ciwon hanta nau'in B a jininka. Kai kuwa garau kake. Idonka bai yi shawara ba, cikinka bai kumbura ba, jiya ma da kai aka buga ƙwallo har magariba.

Abin da zai biyo baya ka san shi. Da ka bincika sunan cutar sau ɗaya a waya, shi ke nan, TikTok da Facebook sun samu aiki. Wannan ya ɗago jarka ya ce maganinsa na wanke hanta tas cikin sati biyu. Waccan ta ce matsalarka garkuwar jiki ce ta yi rauni, ga garin da za ka dama da madara ya ƙarfafa ta. Duk maganarsu a kan tunani ɗaya ta tsaya: garkuwarka ta yi sanyi, sai a zuga ta.

Wannan tunanin yana da daɗin ji, amma masu binciken da suka shafe fiye da shekara talatin a kan lamarin sun gano wani abu dabam. Sojojin da ya kamata su yaƙi cutar suna nan a jikinka, sun kuma san ta sarai. Birki ne aka taka musu, kuma jikin da kansa ya taka shi, yana da dalilinsa.

Su wane ne sojojin?

A cikin fararen ƙwayoyin jininka akwai wani rukuni da ake kira ƙwayoyin T. Harafin ya samo asali ne daga taimus, wata 'yar gaɓa da ke bayan ƙashin ƙirji, inda suke samun horo tun kana jariri. Aikinsu ya bambanta da na sauran. Bairos ba ya zama a fili, shiga yake yi cikin ƙwayoyin halittar jikinka ya mayar da su masana'antar buga kwafinsa. To, wa zai gane gidan da ɓarawo ya ɓuya a ciki?

Dabarar ita ce, kusan kowace ƙwayar halitta a jikinka tana baje ɗan gutsuren abin da take ƙerawa a bayanta, kamar yadda mai shago ke jera samfur a ƙofa. Ƙwayoyin T masu lambar CD8 suna zagayawa suna duba samfuran nan. In suka ga na bairos, sai su kashe ƙwayar gaba ɗaya da abin da ke cikinta. Rolf Zinkernagel da Peter Doherty ne suka gano yadda wannan ganewar take a birnin Kanbera na Ostareliya a farkon shekarun 1970, abin da ya ba su kyautar Nobel a 1996. Akwai kuma masu lambar CD4, waɗanda su ne masu ba da umarni da ƙarfin gwiwa. Ka riƙe sunansu, za mu dawo kansu.

In cutar ta ɗan lokaci ce, kamar mura ko ƙyanda, 'yan ƙwayoyin T da suka gane ta sukan hayayyafa ninki dubbai cikin mako guda, su gama da ita. Daga nan fiye da kashi 90 cikin ɗari sai su mutu, don an gama yaƙi. Ragowar su zauna a matsayin masu tuni, shekara da shekaru. Suna cikin dalilin da ya sa da wuya ka ga wanda ya yi ƙyanda sau biyu.

Tambayar ita ce, in yaƙin ya ƙi ƙarewa fa?

Amsar daga ɓeraye ta fara fitowa. Akwai wani bairos na ɓeraye mai suna LCMV da masana suka daɗe suna gwaji da shi, kuma yana da iri biyu masu kama da juna ƙwarai. Ɗaya, mai suna Armstrong, ɓera kan kawar da shi cikin kwana takwas zuwa goma. Ɗayan, Clone 13, yakan yi wata biyu zuwa uku yana yawo a jini, ya kuma maƙale a ƙoda bayan haka. A 1993, ɗakin binciken Zinkernagel a Zurik ya nuna cewa in bairos ya yi yawa ya kuma daɗe, ƙwayoyin T da ke yaƙarsa sukan ƙare. Su suka yi amfani da kalmar gajiya. A 1998 kuma, a Jami'ar Emory da ke Atlanta a Amurka, tawagar Rafi Ahmed ta ga abin da ya fi wannan ban mamaki: wasu ƙwayoyin ba su ɓace ba, suna nan da yawansu, suna ganin bairos ɗin, amma ba sa taɓuka abin kirki.

Gajiyar ma ba rana ɗaya take sauka ba. Da farko ƙwayar takan rasa ikon hayayyafa da fitar da sinadarin da ke kiran 'yan'uwanta. Sai ƙarfin kisa ya ragu. Can gaba ta daina fitar da intafiron, sinadarin da ke hana bairos yaɗuwa. A ƙarshe wasu su mutu.

Birki mai suna PD-1

Ka tuna gurup ɗin WhatsApp na dangi, ko na 'yan ajinku na sakandare. Ranar farko duk saƙon da ya shigo sai ka buɗe. Bayan wata uku ana turo saƙo ɗari biyar a wuni, me ka yi? Ka kashe masa ƙara. Ba ka fita ba, kana leƙawa jefi-jefi, amma wayarka ta daina tsalle a kansa. Kusan haka ƙwayar T take yi in ana nuna mata samfur ɗaya ba dare ba rana.

Makunnin da ke kashe ƙarar wani furotin ne a bayan ƙwayar, sunansa PD-1. Ɗakin binciken Tasuku Honjo a Kyoto ta Japan ne ya gano shi a 1992, aka ɗauki shekaru kafin a fahimci aikinsa. Duk ƙwayar T da ta shiga yaƙi takan fito da shi na ɗan lokaci, in an gama ya koma. A cuta mai daɗewa kuwa ba ya komawa, har ma wasu birkunan su ƙaru a kansa, irin su LAG-3 da TIM-3. A 2006 tawagar Ahmed ta toshe hanyar PD-1 a ɓerayen da ke ɗauke da Clone 13. Ƙwayoyin da aka ɗauka sun gama yawo suka farfaɗo, suka hayayyafa, bairos ya ragu a jini.

A wannan shekarar dai aka ga irin haka a jikin mutane. Wani bincike a Durban ta Afirka ta Kudu, a kan masu ɗauke da ƙwayar HIV da ba su fara shan magani ba, ya nuna cewa iya yawan ƙwayar cutar a jinin mutum, iya yawan PD-1 a kan ƙwayoyin T da ke yaƙarta. HIV ma ta fi mugunta, domin CD4 take kamawa ta kashe, wato masu ba da umarnin nan, kuma CD8 da ba ta samun taimakonsu ta fi saurin gajiya.

Yanzu za ka ce, to ai an gano bakin zaren, a cire birkin mana kowa ya huta. A nan gizo ke saƙar. A cikin wancan binciken na 2006 an gwada ɓerayen da aka haifa ba su da PD-L1, wato abin da ke taka birkin. Da aka sa musu Armstrong, lafiya lau suka warke. Da aka sa musu Clone 13, mutuwa suka yi cikin kwanaki. Ba bairos ɗin ne ya kashe su ba, garkuwarsu ce ta yi ta ɓarin wuta har ta lalata jikin da take karewa. Ka hango Keke Napep cike da fasinja a gangara ba birki, ka ga abin da ake nufi.

Shi ya sa masana da dama yanzu suke ganin sunan gajiya bai cika dacewa ba. Abin ya fi kama da sulhun dole. Jiki ya lissafa ya ga ba zai iya korar baƙon ba sai ya rushe gidan, sai ya rage wuta, ya bar sojojin suna ɗan danne cutar kada ta wuce gona da iri. Kuma suna dannewar, domin a gwajin birai masu ɗauke da 'yar'uwar HIV, da aka kawar da ƙwayoyin CD8 gaba ɗaya, nan take bairos ya yi sama.

Me ya sa hanta?

A ciwon hanta nau'in B wannan lissafin ya fi fitowa fili, saboda wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: bairos ɗin da kansa ba ya cika kashe ƙwayoyin hanta. Zama yake yi a ciki yana buga kwafinsa. Ɓarnar da ake gani, kumburi da tabo da ƙeƙashewar hanta, mafi yawanta daga yaƙin da garkuwar jiki ke yi ne, yaƙin da bai isa ya kori cutar ba amma ya isa ya yi ta ƙona wuri shekara ashirin, talatin. Gwajin ALT da likita ke sa ka yi, ɓarnar nan yake aunawa.

Bairos ɗin kuma gwanin cika ido ne. Ban da cikakkun kwafinsa, yana zubo fankon rigarsa cikin jini, wanda ya ninka ainihin bairos ɗin sau dubbai. Wannan rigar ita ce HBsAg da ka gani a takardarka. Ita ma hanta wuri ne da aka gina shi a kan haƙuri, tunda duk abin da ka ci ta nan yake bi, in da za ta tayar da faɗa kan kowane baƙon abu da ba a zauna lafiya ba. Haɗa waɗannan biyun, ka samu wurin da ya fi ko'ina saurin gajiyar da ƙwayar T.

Sai batun shekaru. Babban mutum in ya kamu, fiye da kashi 95 cikin ɗari jikinsa kan kawar da cutar cikin wata shida. Jaririn da ya kamu wajen haihuwa kuwa, kusan tara cikin goma cutar zama take yi, domin garkuwarsa tana matakin koyon wane ne ɗan gida, wane ne baƙo. A ƙasashenmu yawancin masu ɗauke da ita tun suna ƙanana suka samu, daga uwa, ko daga wasa da yaran gida masu ƙuraje da raunuka, ko askar da aka yi wa yara da yawa aiki da ita ba a dafa ba. Don haka in an ce kana da ita, kada ka bari wani ya kalle ka da fassarar banza. Mai yiwuwa ta girmi wayonka.

Kuma ba kai kaɗai ba ne. Babban binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya samu kusan mutum 8 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 a duniya a 2022, kuma kashi 13 cikin ɗari ne kawai suka san suna da ita. A ɗakin kallon ƙwallo mai mutum hamsin, lissafa da kanka.

Wani abin lura: gajiyar nan ta ƙwayoyin da ke yaƙar wannan bairos ɗin ce kaɗai. Waɗanda suka san mura da ƙyanda suna nan da ƙarfinsu. Mai ciwon hanta nau'in B ba marar garkuwa ba ne, shi ya sa kake jin ka garau. Wannan kaɗai ya isa ya sa ka tambayi mai jarka: wace garkuwar za ka ƙara min?

An taɓa cire birkin kuwa?

An cire, amma a wani fagen. Ciwon daji ma abu ne mai daɗewa da ƙwayoyin T ke gani kullum har su gaji, kuma shi ma yana taka musu PD-1. Daga binciken nan aka samu magungunan da ke toshe birkin, Honjo da James Allison suka karɓi Nobel a kai a 2018. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, wanda iyayenmu suka sani da yaƙi da kurkunu, ya kamu da kansar fata da ta bazu zuwa hanta da ƙwaƙwalwa a 2015. An yi masa tiyata da gashi, aka kuma ba shi irin wannan magani mai suna Keytruda. Ya rayu har ƙarshen 2024, ya cika shekara 100.

Sai dai ko a can abin ba kyauta ba ne. Ba kowa yake yi wa aiki ba, tsadarsa ta fi ƙarfin talaka, kuma garkuwar da aka sake wa linzami takan juya kan hanji, huhu, maƙoshi, fata, har da hantar kanta. Mai kansar da ta bazu zai iya karɓar wannan kasadar. Saurayi ɗan shekara 25 da hantarsa ke aiki lafiya, lissafinsa dabam ne. An yi ƙananan gwaje-gwaje a kan masu ciwon hanta nau'in B, 'yan ƙalilan ne suka rabu da HBsAg, har yanzu bincike ake yi.

Ga kuma wani cikas. Binciken da aka yi daga 2016 zuwa 2019 ya nuna ba duk gajiyayyun ƙwayoyin ne ke farfaɗowa ba. Akwai wani ƙaramin rukuni da bai yi nisa ba, su ne ke hayayyafa in an cire birki. Waɗanda suka yi nisa kuwa, wani furotin mai suna TOX ya riga ya sake musu tsarin littafin gadonsu, ya buɗe wasu shafuka ya manne wasu. An ga haka ƙarara a ciwon hanta nau'in C, wanda yanzu ake warkar da fiye da kashi 95 cikin ɗari na masu shi da ƙwayoyin sha na mako 12. Bairos ya tafi, amma da aka duba ƙwayoyin T na waɗanda suka daɗe da cutar, tabon gajiyar na nan. Wanda ya warke ma zai iya sake kamuwa.

To, ka ga manyan ɗakunan bincike na duniya, da kuɗinsu da na'urorinsu, suna tafiya a hankali kan birkin nan don sun san abin da ke bayansa. Ni dai ban ga yadda garin da aka ƙulla a leda ba suna ba lamba zai yi abin da ya gagare su ba. In ma ba ya yin komai, ka yi asarar kuɗi ne kawai. Matsalar ita ce duk abin da ka haɗiya hanta ce ke tace shi, kuma likitocin hanta sun san jiƙe-jiƙe da haɗe-haɗe na cikin abubuwan da ke kai ta ƙasa. Wani lokaci ma mai maganin zai ce ka je ka sake gwaji, ka ga yawan bairos ya sauka, ya ce aikinsa ne. Alhali cutar da ma haka take, tana hawa tana sauka da kanta.

Abin da ke aiki

Tunda yawan ganin bairos ne ke gajiyar da sojojin, hanyar da aka tabbatar ita ce a rage bairos ɗin. A HIV, maganin da ake bayarwa kyauta a asibitocin gwamnati yana danne ƙwayar cutar har gwaji ya kasa ganinta, PD-1 ya ragu, CD4 su farfaɗo. Wanda ya fara da wuri ya fi samun farfaɗowa, kuma wanda ƙwayar ta daina bayyana a jininsa ba ya sa wa matarsa ko mijinta ta hanyar saduwa.

A ciwon hanta nau'in B akwai tenofobir da entekabir, ƙwaya ɗaya a rana. Suna hana bairos buga kwafi, kumburi ya lafa, haɗarin ƙeƙashewa da kansar hanta ya ragu sosai, har tabon da ya fara yakan ja baya. Gaskiyar da mai jarka ba zai faɗa ba, likita zai faɗa: da wuya su kawar da cutar kwata-kwata, domin bairos ɗin ya ajiye asalin kundinsa a can tsakiyar ƙwayar hanta inda maganin ba ya kaiwa. Shan na shekaru ne, sau da yawa na tsawon rai. Kuma kada ka kuskura ka daina da kanka don ka ji sauƙi ko kuɗi sun yanke, ba tare da likita ya sani ba. In aka daina kwatsam bairos kan dawo da gudu, garkuwa ta afka masa, hanta ta tsinci kanta a tsakiya. Akwai waɗanda hakan ya kashe.

Ba kuma kowa ne ke buƙatar fara magani nan take ba. Likita zai duba ALT, da yawan bairos a jini, da hoton hanta, da tarihin gidanku, sannan ya yanke. In ya ce ba yanzu ba, ba sallamarka ya yi ba, ana so ka riƙa komawa duk wata shida zuwa shekara. Kafin nan, giya ba taka ba ce. Gyaɗa da masarar da suka yi funfuna ma ka kiyaye su, domin gubar da ke cikinsu in ta haɗu da wannan bairos haɗarin kansar hanta ninkuwa yake yi.

Maganar aure kuwa, sakamakon nan ba dalilin fasawa ba ne. A gwada wadda za ka aura, in ba ta da cutar a yi mata allurar rigakafi guda uku cikin wata shida, a tabbatar ta kama. 'Yan gidanku ma kowa ya je gwaji. Ba a ɗauka ta cin abinci a kwano ɗaya, ko musabaha, ko zama a aji ɗaya. Reza, buroshin haƙori, abin yankan farce da askar wanzami ne kowa ya riƙe nasa. In kuma an gwada ka ba ka da ita, ka tuna sai a 2004 Najeriya ta sa wannan rigakafin cikin na yara, in an haife ka kafin nan, ko ba ka da tabbacin an yi maka, je ka karɓa.

Ke kuma 'yar'uwa, in kina da juna biyu, ki nemi a yi miki gwajin a wajen awo ko da ba a ambata ba. In an samu kuma bairos ɗin na da yawa, akwai tenofobir da ake ba mai ciki a watannin ƙarshe don kare jariri. Allurar farko ta jaririn kuma cikin awa 24 da haihuwa ake so a yi ta, ko a gida kika haihu, ba sai an jira suna ko an fita wanka ba. Sauran sai su biyo a mako na 6, na 10 da na 14, cikin allurar nan ta cinya da ake yi wa kowane yaro. Ki faɗa wa maigidan da wadda za ta zauna da ke tun cikin yana wata bakwai, a san wanda zai ɗauki jaririn zuwa asibiti ranar.